Gidan Ogalo Kafin Rana Ta Faɗi

"Har yanzu a kashe take," in ji Awiti, ta sauke wayar daga kunnenta.

Wayar ƙanenta Oyugi take nufi. Maginan na zaune a kan tulin sanduna suna kallon ƙasa. Kwanon rufi na jingine a jikin mangwaro, zakaran da aka ɗaure wa ƙafafu sai haki yake cikin ciyawa. Kusa da shi gatari ne, sabo fil, kowa na kewaye shi kamar maciji.

Ta waiga ta dubi motar hayar da ta kawo su daga Kisumu da sassafe. An buɗe ƙofofinta duka don iska ta shiga. A kujerar baya mahaifinta Ogalo ke kwance, kansa a cinyar Mama, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar ba ya so.

Rayuwarsa kaf ya yi ta yana tuƙa motar kifi daga bakin tafki zuwa Nairobi, yana kwana a ɗakin haya. Ga fili nan a Asembo, ubansa ya yanka masa tun yana saurayi, amma kullum maganarsa ɗaya ce, baɗi zai kafa gidansa. Baɗin ne bai zo ba, ciwon daji ya riga shi. A al'adar mutanen yankin kuwa, namijin da bai fita daga gidan ubansa ya kafa nasa dala, wato gidan kansa, ba, yaro ne ko da furfura ta cinye masa kai. In ya mutu, a gefen shingen ubansa za a rufe shi, kamar wanda bai taɓa haihuwa ba.

Jiya da likita ya ja Awiti gefe ya ce su kai shi gida ya huta, ashe tsohon yana ji. Ya buɗe ido ya ce, "Wane gidan?"

Shi ya sa suke nan. Kuma kafa gida yana da ƙa'ida. Ɗa namiji na fari ne zai ajiye zakara a filin, ya ɗauki gatari ya sari wurin ginshiƙin farko. A yini ɗaya za a tsayar da ɗakin a rufa shi, mai gida ya shiga da ransa ya kunna wuta. Ga shi hantsi ya dubi ludayi tun tuni, ɗa namiji na fari, Oyugi, wanda ya rantse ya hau bas daga Mombasa tun jiya, ko ƙyallinsa ba a gani ba.

Awiti ta nufi gatarin.

"Ke!" Baffa Opondo, ƙanen mahaifinta, ya tare ta da sandarsa. "Ina za ki?"

"Baffa, ni ce babba. Na girmi Oyugi, ni na goya shi."

"Ko ke kika haife shi. Ke matar wani gida ce, an kawo shanun sadakinki, mun ci mun sha. Ki taɓa gatarin nan ki ja wa 'ya'yanki chira, ciwon karya al'ada, su yi ta ramewa har su ƙare, sannan ki zo kina min kuka?"

"To kai ka sara mana."

"Ni ɗan Ogalo ne? Dube ni da kyau."

"Baffa, dube shi kai ma! Ka ga alamar wanda zai kai gobe?"

Baffa bai duba ba. Ya kau da kai wajen tafki, muƙamuƙinsa na motsi. "Ba ni na kafa al'adar ba, 'yar nan. Na tarar da ita ne."

Daga cikin mota Mama ta kira ta. Awiti ta ruga. Mahaifinta ya ɓata jikinsa. Ta ja zane ta kare ƙofar daga idon maza, ta ɗauko roba da tsumma daga jaka. Hannunta ya san aikin. Tun da ta rufe rumfar gwanjonta ta bar wa mijinta yara a Ahero ta tare a ɗakin iyayenta, aikin ke nan safe da yamma. Ta san inda za ta sa hannu ta juya shi ba tare da ya yi ƙara ba, ta san ƙurajen da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da a da yake ɗaga kwandon kifi da hannu guda, yau ta ɗaga ƙugunsa kamar ta ɗaga ƙaramin yaro.

"Uwata," ya ce da ita, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. "An sara?"

"Yanzu za a sara, Baba."

"Kin iya ƙarya... kamar uwarki."

"Ji min tsoho," in ji Mama, tana share masa goshi. "Ko a nan ma ba za ka bar ni in huta ba."

"Nyar Alego," ya kira ta da sunan garinsu, "ai ke kika ƙi barina..." Tari ya sarƙe shi. Awiti ta tallafe kansa har ya lafa. Abin da ya fito a tsumman ta yi maza ta dunƙule kada Mama ta gani.

Ƙarar babur ta sa kowa ya miƙe. Amma ɗan acaɓan da aka aika sayo ƙusa ne, wani mai tumbi da jar hula. Ya sauke ƙunshin, ya dubi jama'a.

"Wai har yanzu ba ku fara ba? Ai na zaci ɗan gidan ya iso."

"Wane ɗan gidan?" in ji Awiti.

"Dogon nan mai jakar baya. Yana can mahaɗa wajen mai shayi tun safe. Na ce in kawo shi, ya ce in bar shi ya huta. Kamarsu ɗaya da tsohon, har kunnen."

Awiti ta koma wajen motar da sauri. Ta ɗauko kwalbar maganin kashe zafi ta danƙa wa Mama. "In ya fara murƙususu, ki ɗiga masa a gefen baki, kaɗan-kaɗan. Kada ki ba shi ruwa da yawa, zai sarƙe."

Ta juya za ta tafi, tsohon ya kama tsintsiyar hannunta. Riƙon ba ƙarfi, amma ya tsayar da ita cak. Tun da ya kwanta ba ta taɓa yin nisa da shi ba. In ta tafi ya cika a bayanta fa?

"Baba, Oyugi zan ɗauko. Ka jira ni. Ka ji ko? Ka jira ni."

Ya sake ta.

"Ja mu tafi," ta ce da ɗan acaɓan, "kuma kada ka tausaya wa babur ɗin nan."

Ta same shi a bencin mai shayi, jaka tsakanin ƙafafu, kofin shayi a gabansa ya yi sanyi har ya yi yana, ƙudaje na bin fanken mandazin da bai taɓa ba. Da ya gan ta ya miƙe, ya koma ya zauna.

"Yaya..."

"Sannu da hutawa, Baƙon Mombasa. Shayin ya yi daɗi? A ƙaro maka madara?"

"Yaya, ki tsaya ki ji."

"Ina wayarka?"

"Caji ne ya..."

Ta fizge ta daga aljihun rigarsa, ta danna, ta kawo haske. Ta ajiye masa a kan benci. Mai shayi ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ja baya ya shiga wanke kofunan da ya riga ya wanke.

"Ubanka na kwance a bayan mota cikin rana kamar buhun gawayi. Mutane na zaune suna jiranka. Kai kana nan. Giya ka sha?"

"Ban sha komai ba."

"To mene ne? Wancan karon ka zo asibiti, ka leƙa ta taga, ka koma tasha. Ka zaci ban gan ka ba? Na ce masa ba a ba ka hutu ba ne. Yau me zan ce masa?"

Oyugi ya dafe kansa da hannu biyu. Ƙato ne, mai sauke kaya a tashar jirgin ruwa.

"Kin san abin da yake jira," ya ce. "Kin fi kowa sani. Ba abin da ya riƙe shi sai ɗakin nan. Ina sara ƙasar, ana rufa kwano, shi ke nan, zai tafi. Ni zan kashe shi, Yaya. Da hannuna. In ban je ba zai jira. Zai ƙara kwana, ko mako..."

"E, zai jira."

Ya ɗago.

"Zai jira, Oyugi. Ka san yadda jiran yake? Zo in gaya maka, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Kunun tamba cokali ɗaya ba ya wuce masa maƙogwaro. Fatar bayansa tana biyo zane in na juya shi. Yana cizon matashi don kada Mama ta ji kukansa, ni kuwa ina ji. Shekaranjiya ya riƙe ni ya ce, Uwata, ki ba ni kwalbar duka in shanye. Ubanka! Ka san me na yi? Na tsaya ina kallon kwalbar. Na daɗe ina kallonta."

"Yaya, bari..."

"Ba zan bari ba. Ni ina so ya tafi. Ka ji na faɗa. Ina son sa fiye da yadda kake son sa, kuma ina so ya tafi yau. Amma ba a bayan motar haya ba, kuma ba a gefen shinge kamar yaron da ya mutu da ƙyanda ba. Mako kake so ya ƙara? Wa zai ƙara wa? Kai, da kake zaune a nan?"

Hawaye na bin gemunsa.

Wayarta ta yi ƙara. Mama ce. Ta ɗauka.

"Awiti, numfashin ya canza. Yana tsayawa, sai ya dawo. Ki zo, ki zo!"

Ta kashe wayar. Ta juya ta haye babur. Sai da ɗan acaɓan ya tayar, ta ji babur ɗin ya nutse ta baya, hannun Oyugi ya kama kafaɗarta.

"Tayata!" in ji ɗan acaɓan. "Wannan ai buhu uku ne!"

"Ja!" suka ce tare.

Rana ta riga ta karkata lokacin da suka iso. Oyugi ya nufi motar, Awiti ta tare shi. "Ba yanzu ba. In ka gan shi ba za ka iya ba. Gatari."

Baffa Opondo bai tsaya faɗa ba. Ya nuna wurin da ƙafarsa. Oyugi ya ɗauki zakaran ya ajiye a tsakiyar filin, ya ɗaga gatarin, ya tsaya da shi a sama. Awiti ta buɗe baki za ta yi magana, sai gatarin ya sauka, jar ƙasa ta fantsama.

"To, ku tashi!" Baffa ya daka tsawa. "Ko ku ma sai an kawo muku shayi?"

Wuri ya kaure. Masu haƙa na haƙa, masu kafa sanduna na kafawa, ana ɗaure ƙananan itatuwa a gicciye. Oyugi ya tuɓe riga, yana ɗaukar sanda biyu-biyu a kafaɗa. Maƙwabta da suka zo kallo suka ajiye kallon suka kama aiki. Ba maganar yaɓe yau, in dai an sami ginshiƙai da rufi da ƙofa, ɗaki ya zama ɗaki.

Awiti na durƙushe a ƙofar mota, yatsunta a wuyan mahaifinta. Numfashin sai ya ja da ƙarfi, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Ta yi ta jira. Sai ta fara cewa shi ke nan, sai ya dawo da wani gurnani. Kowace ɗaukewa ta fi ta baya tsawo.

"Baba, kana jin guduma? Naka ne. Kwanonka ake bugawa."

Girarsa ta motsa.

Can wajen tafki hadari ya haɗo, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa mangwaron. Wani fallen kwano ya kuɓuce daga hannun magini ya yi sama, ya faɗo dab da motar. Mama ta yi ihu ta rufe mijinta da jikinta.

"Ku danne shi! Ku hau ku danne!" in ji babban maginin. Oyugi ya haye saman ya kwanta a kan kwanon da cikinsa, ana buga ƙusa a gefen kunnensa.

Numfashin ya ɗauke.

Awiti ta jira. Bai dawo ba. Mama ta dube ta, ta buɗe baki za ta saki kukan mutuwa, Awiti ta toshe mata baki da tafin hannu. In kukan nan ya fita, an gama, gudumomi za su tsaya.

"Mama, kada ki yi. Don Allah kada ki yi." Ta sunkuya ta sa bakinta a kunnensa. "Ogalo! Ogalo ɗan Awiti! Ni na haife ka, kuma ban sallame ka ba. Ka ce za ka jira!"

Shiru. Sai ƙirjin ya ɗaga, iska ta shige shi da ƙara kamar an ja tsohuwar ƙofa.

"An rufa!" aka yi kira daga sama.

Oyugi ya diro ya zo da gudu, ya tsaya turus a bakin motar. Yau ne ya fara ganin abin da ciwo ya bari a kusa. Fuskarsa ta yamutse.

"Sa hannu nan, ƙarƙashin gwiwa," in ji Awiti. "Ɗayan a nan. Kada ka taɓa tsakiyar bayan. Ɗaga a hankali, ba kayan jirgi ba ne."

Ya ɗaga shi. Ya dubi yayarsa a firgice, don ba nauyin komai. Suka nufi ɗakin, Mama a gaba, Awiti na riƙe da kan tsohon, yayyafi ya fara sauka. A bakin ƙofa sandar Baffa ta sake gittawa.

"Ke a nan za ki tsaya. 'Yar da ta yi aure ba ta shiga ranar farko."

"Baffa, kansa..."

"Uwarki ta riƙe."

Ta saki. Ta koma gefe ta tsaya a jikin sandunan, tana kallo ta tsakaninsu, ruwa na dukan bayanta. Aka kwantar da shi a tabarma, Oyugi ya zauna ya jingina shi a ƙirjinsa. Mama ta tara busasshiyar ciyawa da ƙirare a gabansa, aka sa masa ashana a hannu. Ta faɗi. Aka sake sa masa, ta sake faɗuwa.

"Dole shi zai kunna," in ji Baffa daga ƙofa, muryarsa ta dushe.

"Riƙe yatsunsa cikin naka," Awiti ta ce ta tsakanin sanduna. "Babban yatsa da manuni. Haka nake ba shi cokali."

Oyugi ya riƙe. Suka ƙyasta, iska ta kashe. Mama ta juya ta kare da zanenta. Suka sake ƙyastawa, ciyawar ta yi hayaƙi, ta yi ja, ta kama.

Ba wanda ya yi guɗa. Ruwa ya sauko da ƙarfi a kan sabon kwano. Tsohon ya buɗe ido, ya bi rufin da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sauko kan wutar, kan matarsa, kan hannun da ke rungume da shi.

"Oyugi ne?"

"Ni ne, Baba."

"Ka yi ƙiba." Idonsa ya ci gaba da yawo. "Ina Uwata?"

"Ga ni nan, Baba, a waje. Ina ganinka."

Ya tara numfashi. "Opondo."

Baffa ya sunkuyo. "Na'am, Yaya."

"Gidan... wa ne wannan?"

"Naka ne, Yaya. Dalan Ogalo ne."

"Wa ke da magana... a ciki?"

Baffa ya ce, "Kai ne."

"To ta shigo."

Mama ta dubi 'yarta a tsorace, ta girgiza kai kaɗan. Awiti ta tuna yaranta biyu a Ahero, da abin da Baffa ya faɗa da safe. A Kisumu takan yi wa irin wannan magana dariya. A nan, da ruwa na zuba da hayaƙin wutar farko na fita ta tsakanin sanduna, ba ta ji dariya ba ko kaɗan.

Ta dubi Baffa. Tsohon ya daɗe yana kallon sandarsa, sannan ya janye ta ya juya baya, kamar mai duba hadari.

Ta cire takalmi ta shiga. Ta durƙusa ta gyara masa wuya, don Oyugi ya bar kan ya karkace, ta jiƙa bakin zanenta ta goge masa leɓe. Ya kama yatsanta.

"Yana yoyo?" ya ce.

Ta ɗaga kai ta duba rufin. "Ba ya yoyo, Baba."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo."

Ya lumshe ido. Numfashin ya ja, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Oyugi ya dube ta, yana jiran ta sake kiran tsohon kamar ɗazu. Ba ta kira ba. Ta bar yatsunta a wuyansa har ta tabbata, sannan ta shafa idanunsa ta rufe, ta ɗaure masa haɓa da ɗankwalinta.

"Mama," ta ce, "yanzu ki yi."